Sos ɗin Baba Timoti da Gwangwanin Abuja

A unguwarmu ta Yelwa, in baƙo ya ce yana neman gidan Timoti Nathan, sai mutane su tsaya suna kallon juna. Amma in ya ce gidan Baba Kuku, kowa zai nuna masa: gida mai koriyar ƙofa, wanda mangwaro ya leƙo ta saman katangarsa. Ni sunana Godwin, tela ne, shagona yana kallon wannan ƙofar shekara goma sha tara ke nan. Abin da zan faɗa, rabi da idona na gani, rabi kuma shi da kansa ya ba ni a kan bencin shagona, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Baba Timoti gajere ne siriri. Ya haura saba'in, amma kafin gwiwa ta kama shi da sauri yake tafiya kamar wanda ya bar abu a kan wuta. An haife shi a wani ƙauye kusa da Lau. Mahaifinsa masunci ne, ya so ɗansa ya gaje shi, sai dai Timoti da ya taka kwalekwale amai yake farawa. Yana da shekara ashirin ya ji labarin wasu Turawan Amurka, mata da miji, da suka zo aikin haƙa rijiyoyi a yankin, wai kukunsu ya tafi gida biki bai dawo ba. Ya je ya tsaya a ƙofarsu ya ce shi kuku ne. A ranar, abin da ya iya a duniya shi ne gasa kifi.

In yana ba da labarin wani, Hausar Baba ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya" ne a bakinsa. "Madam ya ce in yi burodi," haka yake ba da labarin. "Na yi burodi. Masta ya ɗauka ya buga a tebur. Tebur ne ya ji ciwo." Madam ta yi dariya har da hawaye, ta ce mutumin da ya iya yin ƙarya da ido biyu haka zai iya koyon komai. Ta koya masa. Shekara goma sha ɗaya ya yi da su.

Kowace shekara, gab da Kirsimeti, akan aiko wa Madam ƙunshi daga ƙasarsu. A ciki akwai gwangwani ɗaya da ba ta yarda kowa ya taɓa. Ita take buɗe shi a ɗakin cin abinci, su ci da naman talotalo ita da mijinta. Sunan abin kiranberi sos, da wasu jajayen 'ya'yan itace ake yin sa waɗanda ba sa fitowa a ƙasarmu. Wata shekara ƙunshin bai iso ba. Madam ta shigo kicin ta zauna ta yi tagumi, ta ce bana ba Kirsimeti. Timoti ya tambaye ta yaya abin yake. Ta ce ja ne, da tsami, da zaƙi, da kauri.

Ya ce, "Madam, ai wannan zoɓo ne."

Lokacin girbin zoɓo ne kuwa. Ya zaga gonar bayan gida ya tsinko ɗanye cike da kwando. Na farko da ya dafa ya fito ruwa tsululu. Na biyu ya kama tukunya. Na uku ya zauna daram. Madam ta sa a kan nama ta ci, ta rufe ido, ta ce da 'yar Hausarta, "Timoti, daidai! Babu bambanci!" Tun daga nan ba ta ƙara sa an aiko da gwangwani ba. Wannan magana ta Madam ita ce takardar shaidar Baba Timoti. Wasu suna rataye tasu a bango, shi a baki yake yawo da tasa.

Bayan Turawan sun koma, ya ɗan yi aiki nan da can. Da aka yi jiha, Jalingo ta fara cika da ma'aikata, sai ya tattaro matarsa, Mama Esta, da 'ya'yansu, ya kama aiki a wani masaukin baƙi. Nan ya yi har ya yi ritaya. A gidansa kuwa ko ruwan shayi ba ya dafawa. Mama Esta ta ce mutumin da yake auna gishiri da cokali ba zai shiga mata kicin ba. Sau ɗaya tak a shekara take sakar masa murhu, shi ma don ta gaji da gardama ne.

Ranar ashirin da ɗaya ga Disamba yake hawa mota zuwa Lau, gonar ƙanwarsa, don busasshen zoɓo na kasuwa a wurinsa abin sha ne na masu jin ƙishi, ba kayan aikin kuku ba. Ya dawo da buhu biyu na ɗanye. Washegari a baje tabarma a gindin mangwaro a fara cire ƙwallon da ke cikin kowane ɗaya. Aiki ne mai cin rai, ga ƙaiƙayi, ga jan da yake kama yatsu kwana uku. Kuma duk wanda tsautsayi ya bi da shi ta ƙofar, ya shiga aiki. Ni na fi kowa shan wahala, don shagona ne a gaba, kuma makon ne ɗinki yake min yawa har ba na ganin ƙasan shago.

"Tela, zo minti biyar," in ji shi. Minti biyar na Baba awa biyu ne.

Wata shekara na tashi daga kan tabarmar na koma shago a gaggauce, na ɗauki farin leshin shugabar mawaƙan cocinmu, sai ga shatin yatsuna uku ja wur a kafaɗa. Na wanke, ya ƙi. Na rasa yadda zan yi, sai na ɗauki jan zare na yi fure a kai, na yi irinsa a ɗaya kafaɗar. Ta zo karɓa na ce sabon yayi ne. Kafin sabuwar shekara mata huɗu sun kawo leshi a yi musu.

Ranar ashirin da huɗu ake dahuwa. Baba ya fito da farar rigar kuku ta zamanin Madam, wadda ni nake buɗa mata ciki duk bayan shekara biyu, ya ɗora doguwar hula. Ƙwallayen da aka cire ba ya zubarwa, dafa su yake daban har ruwan ya yi yauƙi, ya tace, ya ce nan sirrin kaurin yake. A wannan ruwan yake zuba jan zoɓon, da sukari, da ɗanyar citta, da kankararren ɓawon lemu, da kanumfari guda bakwai. Ba shida ba, ba takwas ba. Yana juyawa yana waƙar coci. In ya ga ya kusa, sai ya ɗiga kaɗan a ƙaramin faranti ya karkata shi. In ya gangara, da saura. In ya tsaya yana kallonsa, ya yi.

Akwai kuma na biyu, wanda yake kira relis. Shi ba a dafawa. Ɗanyen zoɓo ne da lemu sukutum har ɓawo, a cire 'ya'yan kawai, a kirɓa a turmi da sukari. Kan wannan suke faɗa da Mama Esta kowace shekara, don turminta ne, kuma har watan Fabrairu duk tattasan da ta jajjaga ƙanshin lemu yake yi.

Talotalon kuwa Malam Yuguda ne yake yankawa, don kowa a unguwa ya ci hankali kwance. Malam Yuguda dillalin shanu ne, dogon Bafulatani mai magana a hankali, katanga ɗaya ce tsakaninsa da Baba Timoti sama da shekara talatin. Da Kirsimeti shinkafa ta tsallaka can, da Sallah nama ya tsallako nan.

Ranar Kirsimeti kowane gida a layinmu yana samun kula ta shinkafa da nama, da ƙaramar kwalba ta sos. Baba da kansa yake rabawa, kuma a kowace ƙofa sai ya ɗaga yatsa ya maimaita doka: "A kan nama ake sawa. Ba a shinkafa ba, ba a burodi ba. A kan nama."

To ga gaskiyar da kowa ya sani ban da shi: a maƙwabta babu wanda ya taɓa sa abin nan a kan nama. Malam Yuguda ya taɓa ce mini, "Godwin, shekara arba'in ina harkar dabbobi, ban taɓa ganin an zuba wa nama sukari ba. Me naman ya yi?" Matarsa Hajiya Kadijatu zuba kwalbar take a jug, ta ƙara ruwa da ƙanƙara, a sha zoɓon da babu irinsa a Jalingo. Fasto Paul na cocinmu a burodi yake shafawa. Matata Hope a koko take sa mana. Washegari Baba ya bi gida gida yana tambaya, kowa ya ce, "Kai, Baba, na bana ya fi na bara." Wannan kam ba ƙarya ba ne. Ba wanda ya zauna ya shirya wannan munafunci, haka kawai ya tsiro, duk sabon ɗan haya kuma a makon farko ake sanar da shi.

Haka muke tafiya lafiya lau har shekara uku da suka wuce, lokacin da autarsa Jennifer, wadda take aikin nas a Abuja, ta zo hutu. Ta iso ranar dahuwa da la'asar, Baba yana tsaye kan tukunya. Ta ce, "Baba, rufe idonka." Ta ɗora masa wani abu a hannu. Ya buɗe ido sai ga gwangwani, da hoton jajayen 'ya'yan itace a jiki. A wani babban kanti ta gan shi, ta tuna labarin da ta ji tun tana goye.

Baba ya ajiye shi a kujera, ya goge hannunsa a riga sau uku, sannan ya sake ɗauka da hannu biyu. Ya tsallako titi da hularsa da komai ya shigo shagona.

"Tela, ka gani? Shi ne. Shi ne da kansa." Idonsa ya kawo ruwa. Ya ja hanci, ya gyara tsayuwa. "Gobe bayan coci ba zan raba kwalba ba. Kai da Hope, da Yuguda da Hajiya, da Fasto, duk a gidana za ku ci. Zan ajiye nawa nan, na gwangwani nan. Kowa ya sa a nama ya ci, ya faɗa da bakinsa in akwai bambanci."

Na ce to. Yana fita na taka keken ɗinki na ɗinke hannun riga a wuya.

Kafin magariba labari ya kai ga sauran. Malam Yuguda da Fasto Paul suka zo shagona kamar masu zaman makoki. Fasto ya ce shi dai bai taɓa yin ƙarya ba, abin da yake cewa kullum shi ne Allah ya albarkaci hannun Baba. Malam Yuguda ya ce shi zai ce likita ya hana shi nama.

Na ce, "Malam, kai da ya ganka jiya kana cin balangu a bakin titi?"

Ya shafa gemu. Can ya ce, "To sai dai a haɗiye ba a tauna ba."

Washegari, bayan an taso coci, muka hallara a gindin mangwaro. Mama Esta ta jera shinkafa da soyayyen talotalo. Baba ya fito cikin farar rigarsa, an yi mata guga har tana ɗaukar ido. Ya ajiye kwanon sos ɗinsa, ja mai duhu yana sheƙi, da kwanon relis a gefe, sannan farin faranti babu komai a kai. Ya sa Fasto ya yi addu'a. Ya ɗauki mabuɗi ya yanke murfin gwangwanin a hankali kamar mai yi wa mutum aski, ya kifa shi a farantin.

Ba abin da ya fito.

Ya girgiza. Shiru. Ya bubbuga gindin. Shiru. Jennifer ta karɓa ta huda ƙasan da wuƙa, sai muka ji wata ƙara kamar an zare ƙafa daga taɓo, abin ya sulluɓo gaba ɗaya ya tsaya a tsakiyar faranti. Siffar gwangwanin sak, har da layukan jikinsa. Yana tsaye yana rawa shi kaɗai.

Mama Esta ta ja kujerarta baya. "Jennifer, yana da rai ne?"

Hajiya Kadijatu ta ce ita kam ta ɗauka sabulun wanka ne. Malam Yuguda ya ce kafin a yi nisa a karanta masa abin da ke ciki tukuna. Jennifer ta karanta: 'ya'yan itace, sukari, ruwa. Ya ce, "Shi ke nan? To me yake riƙe da shi a tsaye?" Ba wanda ya sani.

Baba ya zagaya farantin yana kallo. Ya ɗauki cokali ya ɗan taɓa gefen, abin ya yi baya ya dawo. Ya yanko kaɗan ya sa a baki. Muka zuba masa ido. Ya daɗe yana motsa baki, ya kalli sama, ya ƙara yankowa.

"Baba, yaya?" in ji Jennifer.

"Babu citta," ya ce. Ya sake lasa. "Babu kanumfari. Ɓawon lemu ma babu. Sukari ne kawai da ja. Wannan ya lalace a hanya."

"Bai lalace ba, Baba, ga kwanan wata nan. Haka yake. Ka manta ɗanɗanonsa ne?"

Mama Esta ce ta amsa, tana zuba wa Hope shinkafa ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ya manta me? Ai bai taɓa ci ba."

Duk muka juya muka kalle shi. Ya gyara hularsa. "Faranti nake wankewa. Ja nake gani a faranti. Kuku mai mutunci ba ya lasar farantin Madam."

Sai ya zauna a hankali, cokalin na hannunsa. Ya kalli kwanonsa, ya kalli abin da ke rawa a faranti. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ke nan Madam ƙarya ya yi mini. Ya ce babu bambanci."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Jennifer kamar ta yi kuka, ta ce da ta sani da ba ta sayo ba. Mama Esta ta ajiye ludayi.

"Baban Jennifer, shekara nawa ta yi tana cin naka bayan nan?"

"Bakwai."

"Ta sake aikawa a kawo mata gwangwani?"

"A'a."

"To ka bari mu ci abinci, shinkafa tana hucewa."

Ya yi ɗan tunani. Na ga kafaɗunsa suna dawowa daidai. Mu kuma har mun fara murna a ciki, muna zaton an manta da gwaji. Ina! Ya miƙe ya tafa hannu. "Haka ne. To yanzu kowa ya ci biyun a kan nama, a faɗa wanda ya fi. Yuguda, kai ne babba, fara."

Malam Yuguda ya kalle ni, na kalli mangwaro. Ya ɗauki cinya, ya yanko na gwangwani ɗan mitsitsi ya ɗora, ya yi bisimilla mai tsawo, ya haɗiye. Ya ce ba laifi, kamar dai an ci nama a kusa da mai shan alewa. Sannan ya ɗebi na Baba, ya shafa a wata tsokar, ya rufe ido ya kai baki. Niyyarsa ya haɗiye, amma tsokar ta yi girma, dole ya tauna. Ya tauna sau ɗaya, sau biyu. Ya buɗe ido. Ya ci gaba da taunawa. Sai ya miƙa hannu ya ƙara ɗebowa, cokali cike.

"Kai!" ya ce. "Ashe da nama ma yana tafiya!"

Hajiya Kadijatu ta rufe fuska da gyale.

Baba ya juyo a hankali. "Ashe? Ka ce ashe? Yuguda, shekara talatin ina kai maka kwalba. Da me kake ci?"

Malam Yuguda ya buɗe baki, nama ne a ciki, ya rufe. Hajiya ce ta cece shi, ko kuma ta ƙarasa shi. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, laifina ne. Ruwa nake zubawa, da ƙanƙara. Wallahi baƙi har tambaya suke a ina nake sayen zoɓo."

"Ruwa," in ji Baba. "Awa huɗu ina tsaye ina kore ruwa daga ciki, ke kina mayarwa." Ya juya. "Fasto?"

Fasto Paul ya haɗa hannu biyu. "Burodi, Baba. Amma da godiya nake ci."

"Tela?"

Na so in yi ƙarya, amma ga Fasto a gefena, ga ranar Kirsimeti. Na ce, "Koko."

"Koko," ya maimaita, kamar an gaya masa sunan wanda ya mutu. Ya cire doguwar hularsa, ya ninke ta huɗu, ya ajiye a kan tebur, ya shige ɗaki ya turo ƙofa.

Na yunƙura zan bi shi, Mama Esta ta ce, "Zauna, Godwin. Tun safe bai ci komai ba, fushin nan ba zai kai minti goma ba. Ku ci abincinku."

Muka fara ci a sanyaye. Malam Yuguda ne kaɗai bai san ana cikin wani hali ba. Ya jawo kwanon sos gabansa yana dangwala. Hajiya ta zungure shi, ya ce, "Ke dai gwada." Ta gwada, ta ƙara. Hope ma ta miƙa hannu. Ni na gwada relis ɗin da gefen da ya sha yaji, na ji tsamin ya yanke maiƙon talotalon, bakina ya buɗe. Kafin Baba ya fito kwanon ya yi rabi.

Ya fito da fuskar wanda ya shirya doguwar magana. Ya tsaya a kan tebur zai fara, sai idonsa ya faɗa cikin kwanon.

"Wa ya zubar?"

Malam Yuguda ya ɗago, leɓensa ja, gemunsa ja. "Soobajo, abokina, ba wanda ya zubar. Akwai saura a tukunya?"

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ɗauki hularsa ya warware ya mayar a kai, ya shiga kicin ya kinkimo tukunyar gaba ɗaya ya dire. Ya ce ba wanda zai tashi sai an ga gindinta, bashin shekara talatin ne na rashin biyayya. Ya zauna ya fara cin nasa. Can sai ya tuna da wani abu, ya juya wajen matarsa.

"Maman Jennifer, ke fa? Ke da me kike ci?"

"Ni? Shekara arba'in da biyu ina ci a kan nama a gabanka. Ka taɓa tambayata ko ina so?"

"Kina so?"

"A'a."

Fasto ya ƙware da shinkafa, sai da aka ba shi ruwa.

Ba zan ce duk unguwa ta tuba ba. Fasto har yau burodinsa yake shafawa, sai dai yanzu a fili. Ni ma wata rana nama, wata rana koko. Hajiya takan karɓi kwalba biyu, ɗaya ta doka, ɗaya ta ruwa, Baba ya miƙa ta biyun yana kallon gefe. Na gwangwanin kuwa ba wanda ya ƙara taɓawa. Washegari Baba ya narkar da shi a wuta, ya sa citta da kanumfari da ɓawon lemu da zoɓon da ya rage, ya ɗanɗana ya ce yanzu ya zama mutum. Ya ɗura wa Jennifer ta koma da shi Abuja.

Wanda abin ya kama da gaske shi ne Malam Yuguda. Da Babbar Sallah ta matso ya aiko a roƙi Baba ya yi masa na rago. Baba ya ce babu ɗanyen zoɓo a wannan lokaci, kuma shi ba ya aiki da busasshe. Kwana uku suna kai da kawo ta saman katanga. Daga ƙarshe ya yi da busasshen, yana yi yana mita, ya kai da kansa ya ce kada a gaya wa kowa daga hannunsa ya fito. Kafin yamma duk dangin Malam Yuguda da suka zo daga unguwar Barade sun sani.

A Disambar da ta wuce gwiwa ta hana Baba tafiya Lau. Malam Yuguda ya ce shi zai je. Baba ya yi masa kwatancen gonar ƙanwarsa dalla-dalla, amma da Malam Yuguda ya sauka a tasha sai ya haɗu da wata mai kaya a bakin kasuwa, ta ce me zai kai shi gona ga zoɓo a gabansa. Ta sayar masa da buhu ɗaya ja, buhu ɗaya fari na miya, ta ce farin ya fi, ba ya ɓata tufafi. Ya dawo yana murna ya samo ilimin da kuku bai sani ba. Ba lokacin komawa, dole aka haɗa. Sos ɗin ya fito da wata kala kamar ruwan wankin sabuwar atamfa. Malam Yuguda ya ci faranti uku ya ce shi ba kala yake ci ba. Baba bai yi masa magana ba sai ranar sabuwar shekara.

Da damina ta sauka bana, Malam Yuguda ya share wani fili a bayan garken shanunsa ya shuka zoɓo, don kada a ƙara aikensa Lau. Ya rantse irin ja ne zalla. Baba bai yarda ba. Kowace safiya nakan gan shi daga shago yana ɗingisawa da sanda zuwa can, ya duƙa ya duba kara ɗaya bayan ɗaya. Shekaranjiya ya biyo ta wurina a hanyar dawowa, ya zauna a benci yana haki, ya ce akwai guda uku a layin ƙarshe da bai gamsu da fuskarsu ba.